Inda Kailu Ya Ce A Haƙa

Kailu ɗan Alu maƙwabcina ne a Filinge, bango ɗaya ya raba gidajenmu, kuma mun fi shekara ashirin muna salla sahu ɗaya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. A Cikal aka haife shi. Ya shigo gari yana saurayi, wata shekara da hatsi bai yi ba, ya tarar ana neman masu haƙa ramin tiyon ruwa, sai ya karɓi diga ya shiga layi. Daga ranar bai koma ƙauye da zama ba.

Duk lokacin da aka zo ƙara tiyo a wata unguwa, ko za a kai ruwa lakkol, wato makarantar boko, ko masallaci, Kailu na cikin ramin. Masu kwangila suna zuwa suna tafiya, kowa da takardunsa, wani ma ba ya zana komai. Leburori kuma wasu sun mutu, wasu sun tafi ci-rani ba su dawo ba. A hankali sai ya zamana shi kaɗai ya rage wanda ya ga cikin ƙasar garin da idonsa. Bai yi boko ba, da taki yake aunawa. Zai tsaya gindin wani gawo ya ce daga nan taki goma sha ɗaya ne zuwa babban tiyo, ya karkata yamma wajen kusurwar gidan wane. In aka tona, nan za a same shi.

Shi ya sa duk mai son haƙa salga ko tushen ɗaki sai ya aika a kira Kailu. Ba aikinsa ba ne, babu wanda ya naɗa shi. Yakan zo da hularsa a karkace, ya zagaya wurin, ya ja layi da ƙafa ya ce a nan, ko ya ce a matsa kaɗan. Wani ya ba shi goro, wani ya yi masa godiya kawai. Har Magagi, mai gyaran famfo, wanda ya yi karatun aikin a Yamai, ba ya jin kunyar tsayawa ƙofar gidan Kailu da babur ya yi tambaya. Matarsa Rabi, wadda ke sayar da kopto, kwaɗon ganye, a bakin hanya, takan ce mijinta ya fi sanin abin da ke ƙarƙashin gari bisa abin da ke cikin rumbunsa. Ƴaƴansu mata biyu sun yi aure, namijin yana Kwatano, su biyu ne a gidan.

Shekara uku da suka wuce, bayan an gama girbi, aka ɗauke shi aikin haƙa a Damana. Wata huɗu ya yi can. Cikin watannin nan wani ɗan kasuwa da ke zaune Yamai ya sa aka yi masa rijiyar burtsatse a garkarsa ta bayan gari, aka jawo wayar lantarki daga falwaya ta ƙarshe, aka bi da ita ƙarƙashin ƙasa ta wani fili da babu kowa. Masu aikin baƙi ne, cikin kwana biyu suka gama suka tafi. Ba su yi zurfi ba, ba su kuma shimfiɗa jan ragar da ake sawa bisa waya don mai haƙa ya gani ya tsaya ba. Iska ta share sawun ramin. Da Kailu ya dawo babu wanda ya gaya masa, domin babu wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

A shekarar da ta biyo, mutanen wajen Sanam suka fara shigowa Filinge saboda rashin kwanciyar hankali a can. Wasu suka sauka gidajen dangi, wasu aka ara musu filaye a bakin gari. Cikinsu akwai Sidi, makiyayi ne mai ɗan noma, dogo, siriri, shekarunsa ba su kai arba'in ba. Shanunsa sun tafi, awaki uku ya iso da su, da matarsa Ummul, da mahaifiyarsa Zainabu, da yara biyu ƙanana. Filin da aka ara masa shi ne wanda wayar ta ratsa. Ya yi ɗaki ɗaya na tubali, ya kewaye da zana. Abin da ya dame shi rashin salga. A daji ba su saba buƙatarta ba, amma a nan gidaje sun kewaye su, tsohuwa kuma ƙafafunta ba sa kai ta nesa.

Wata Lahadi da la'asar, bayan kasuwa ta fara watsewa, ina zaune ƙofar gida na ga Sidi ya yi sallama da Kailu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya miƙa masa cukun nono guda biyu a ƙunshe cikin takarda.

"Baba, an ce mini kai ake tambaya kahin a gina rami."

"Haka mutane ka cewa. Ina ne wurin naka?"

Suka tafi tare, ni ma na bi su don ina son miƙe ƙafa. Kailu ya tsaya a famfon ƙarshe na unguwar, ya auna da taki har ƙofar zanar Sidi, sittin da wani abu. Ya shiga ya zagaya, ya dubi kusurwar da Sidi ya nuna, ya buga ƙasar da diddige.

"Tiyo can baya ya tsaya, ni na rufe bakinsa. Nan ba komi. Gina abinka." Ya ƙara duban wurin ya ce, "Sai dai ƙasar ga tana da tsakuwa. Ka zuba mata ruwa yau ta sha, gobe ka ƙara, dagi zai shiga da sauƙi."

Sidi ya yi godiya, ya rako mu har bakin hanya.

Washegari da hantsi Kailu na gyaran ƙotar hauya a zaure, ana shirin damina, sai Magagi ya tsaya da babur. Bai kashe injin ba. Ya ce Kailu ya hau, an samu matsala gidan baƙon nan na Sanam. Ni na bi su da ƙafa, ina isa na tarar da mutane sun cika wurin, amma babu hayaniya.

Abin da ya faru gajere ne. Sidi ya zuba ruwa kamar yadda aka ce masa. Ya kwashe laka da felu har ramin ya kai masa gwiwa, ya shiga ba takalmi, ya ɗaga dagin ƙarfe ya caka. Ummul na daka a gefe. Ta ce ta ji ƙara kamar an fasa tulu, ta waiwaya ta gan shi ya sandare riƙe da dagin. Ta yi kansa, tsohuwa ta kama zanenta ta riƙe, ba ta san dalili ba, ta dai riƙe. Wani maƙwabci ya ture shi da taɓarya. Kafin a samu wanda zai yanke wuta a falwaya, kafin a kawo amalanke a kai shi likita, rai ya yi halinsa.

Lokacin da muka zo an riga an shigar da shi ɗaki an rufe da zane. Kailu bai nufi ɗakin ba, ramin ya nufa. Ya tambayi Magagi ko an yanke wuta, Magagi ya ce an yanke. Ya durƙusa ya share laka da hannu. Ga wayar nan baƙa, kaurinta kamar babban yatsa, dagi ya tsaga ta a tsakiya. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sa hannu ya auna daga bakin ramin zuwa wayar.

"Kamu ɗaya da ɗan kaɗan," in ji shi.

Ya miƙe ya goge hannu a rigarsa. Na matsa na ce masa sai haƙuri, ya ce to, kamar na gaya masa an kira salla.

Bayan azahar aka yi jana'iza. Kailu ya saba shi ke fara karɓar diga a maƙabarta, ranar ma shi ya karɓa. Ya haƙa kabarin daidai, gefuna a miƙe, ya fito ya ba wani felu, ya tsaya cikin mutane har aka gama. Jandarma suka zo da yamma suka yi tambayoyi. Suka tambaye shi ko shi ya ce a haƙa, ya ce shi ne. Suka tambaye shi ko ya san da wayar, ya ce bai sani ba, yana Damana aka sa ta. Suka rubuta, suka sallame shi. Mai garkar ya turo ƙanensa da buhun shinkafa da sukari ya yi ta'aziyya, daga baya aka tone wayar aka sake bi da ita ta bakin hanya. Abin da aka yi tsakaninsa da hukuma ban sani ba.

Babu wanda ya ɗora wa Kailu laifi. Liman ya ce kwana ne ya ƙare. Mutanen Sanam ma da suka zo zaman makoki haka suka ce. Rana ta uku Kailu ya ce in raka shi ya gai da tsohuwa. Muka same ta zaune kan tabarma a inuwar zana, idonta a bushe. Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a. Ta dube shi.

"Kai ne mutumin da ya ce a gina?"

"Ni ne, Inna."

Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce, "Ya ce mini kai mutumin kirki ne, ka tako da ƙafarka ba ka sa shi jira ba." Ta tura masa kwanon ruwa. "Sha."

Ya sha, ya mayar da kwanon, muka tashi. A hanya, da muka kusa gida, ya ce awakin Sidi suna buƙatar harawa.

Kwanakin da suka biyo, in ka gan shi ba za ka ce wani abu ya same shi ba. Yana zuwa masallaci, yana gaisawa da mutane, yana cin abinci. Rabi ce ta tare ni wata safiya ta ce, "Malam, ka riƙa jan shi da magana. Yana cin tuwo, amma in ka tambaye shi miyar mi ya ci bai sani ba. Jiya na sa gishiri sau biyu da mantuwa, ya cinye bai ce uffan ba." Ta ce cukun da Sidi ya kawo yana nan bisa taga inda ya ajiye, bai ci ba, bai ce a ba wani ba, har ta gaji ta ba maƙwabta.

Na gwada jan shi da magana. Wata rana da muka fito sallar la'asar na tambaye shi kai tsaye yadda yake ji. Ya yi tunani sosai, kamar na tambaye shi inda wani tsohon tiyo ya bi.

"Ka san in ka daɗe zaune bisa ƙafarka, ka tashi ka taka, kana ganin ƙafar amma ba ka jin ƙasa? To haka. Ina jira in ji wani abu, bai zo ba."

Bayan sadakar bakwai ya ɗauki hauya da felu ya koma gidan Sidi. Ya tambayi tsohuwa ko har yanzu suna son salga. Ta ce buƙata ba ta mutu ba. Ya cike ramin Sidi, ya zaɓi wata kusurwa can nesa. Ko da yake an riga an ɗauke wayar, bai taɓa dagi ba sai da ya wuce kamu biyu, da ƙaramar hauya da yatsu ya riƙa tonon ƙasar, ba ruwa, tsakuwa tana yanka shi. Kwana tara ya yi yana zuwa da safe yana tashi da azahar. Ummul tana takaba a ɗaki, takan turo ruwa a ajiye masa bakin zana. Ba su taɓa magana ba. Ranar rufe ramin ni da Magagi muka kama masa, muka ɗora murfin siminti, ya kewaye da zana, ya wanke hannu ya yi wa tsohuwa sallama. Ta ce Allah ya saka. Ya ce amin.

Daga nan ya daina amsa tambaya. Duk wanda ya zo ya ce zai haƙa, amsa ɗaya ce: "Ban sani ba." Ba da faɗa ba, ba da ɓacin rai ba. Wani ya ce, "Haba Baba Kailu, ƙofar gidana ce fa, kai ka sa tiyon da hannunka." Ya ce ya tuna, amma bai sani ba. Mutane suka gaji suka riƙa haƙa da ka. A daminar nan sau uku ana fasa tiyo. Na ukun babba ne, wani magini ya same shi da diga wajen tushen shago, ruwa ya malale titi, unguwarmu ta yi kwana biyar famfo a bushe. Rabi kanta sai da ta je rijiyar dallol, can cikin kwari, da jarka a ka. Kailu ya karɓi jarkar ya riƙa ɗebo mata, ya wuce ta gaban ramin da Magagi ke fama a ciki, ya yi masa sannu da aiki ya wuce.

Ranar da ruwa ya dawo Magagi ya zo zauren Kailu, wandonsa duk laka, ya zauna ba a ba shi wuri ba. Ina nan.

"Baba, da ka buɗe baki da ba a yi wannan ba. Ka san tiyon nan."

"Na san wanda na sa."

"To shi aka fasa."

"Wannan karon. Gobe in na ce ba komi, wa ya san abin da wani ya binne ina barci?"

Magagi ya sunkuyar da kai yana ɓanɓare laka daga yatsunsa. Ya ce, "Ba a ce ka ce ba komi ba. Ka faɗi inda akwai. Sauran mu ji da shi." Ya ce akwai wata yarinya ma'aikaciya, Samiratu, da aka turo daga Yamai kan sha'anin ruwa, tana son ta zana hanyoyin tiyon garin a takarda, ba ta da wanda zai nuna mata.

Da Samiratu ta zo bayan kwana biyu, da littafinta da wayarta, ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Baba," sai Kailu ya ɗauki hularsa ya bi ta. Kusan mako uku suna fita da safe kafin rana ta yi zafi. Shi yana gaba yana taki, ita tana baya tana rubutu, wani lokaci Magagi na tura babur a gefensu. Na taɓa cin karo da su kusa da kasuwa. Yana nuna mata inda tiyo ya rabu biyu, ya faɗi shekarar da aka sa shi da wanda ya yi kwangilar, har da sunan leburan da ya karye a wurin. Da ya gama sai ya ce, "Wannan na gina da hannuna. Abin da aka sa bayana ban sani ba. Rubuta hakanan." Samiratu ta gaya mini a kowane lungu sai ya maimaita, kuma ba ya matsawa sai ya ga ta rubuta.

Da aka gama ta kawo masa babbar takarda ta shimfiɗa a zaure, layuka shuɗɗa sun ratsa ko'ina. Ta nuna masa gidansa, ta nuna masa masallaci. Ya duba ya ce ta yi ƙoƙari. Ta tambaye shi ko yana son a ba shi guda ya ajiye, ya ce ba shi da wurin da gara ba za ta ci ba. Ta naɗe ta tafi da ita. Ban san ko masu haƙa suna zuwa dubawa ba. Wasu dai har yanzu ƙofar Kailu suke zuwa, shi kuma yana tura su wurin Magagi.

Ummul ta fita takaba ana cikin girbi. Wanta ya zo daga Bonkuku ya kwashe su duka, har da tsohuwa da awaki. Sun biyo ta ƙofar gidanmu a bayan wata mota, Kailu yana gona bai gan su ba. Da ya dawo Rabi ta gaya masa, ya ce Allah ya kai su lafiya, ya tambayi ko akwai ruwan wanka. Yanzu wasu mutanen wajen Abala ne ke cikin gidan.

Bai ƙara karɓar aikin haƙa ba, ko da aka neme shi Sanam da Damana. Gonarsa ta hanyar Cikal yake zuwa, ya kuma koyi tufka igiya yana ajiyewa kusa da tiren Rabi. Ɗansa ya yi ta kira daga Kwatano yana cewa ya zo ya huta wata biyu ya ga teku, ya ce sai bayan damina, damina ta wuce ya ce sai bayan ta gaba.

Bana hatsinsa ya yi kyau. Ya sa aka sussuke dami biyu, ya ɗura a buhu, ya kai tasha ya ba wani direban Bonkuku, ya ce a kai wa wata tsohuwa Zainabu ta wajen Sanam. Bai san sunan unguwar ba, bai san sunan wan Ummul ba. Bayan mako ɗaya muka haɗu da direban a bakin kasuwa. Ya ce bai samu tsohuwar ba, amma ya ba wani mutum a tasha da ya ce ya san gidan.

Kailu ya ce, "To."

Muka wuce wurin masu kayan miya, domin Rabi ta aike shi sayen daddawa.